Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Aurar da Bishiyoyi na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa

Gaisuwa da fatan alheri ga dattawan wannan sana'a da matasan da ke koyo a hannunsu, musamman masu rainon dashe a gefen madatsar ruwa ta Kazaure, da masu noman rani a yankin ruwan Gari, da masu lambunan fadama tun daga Roni da Gwiwa har zuwa Babura.

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne wani kuka da ya yawaita a bakin manoma. Mutum ya sayi dashen mangwaro guda 30 a kasuwa, an ce masa duk masu aure ne. Ya haƙa ramuka, ya zuba taki, ya kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, ya yi ta jigilar ruwa da jarka rani bayan rani. Shekara 6 ta wuce kafin ya ga fure, da 'ya'yan suka nuna kuwa sai ga ƙananan mangwaro masu zare, irin wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bakin titi. Kuɗin dashen ba su ne asarar ba. Shekarun ne suka tafi, kuma wanda ya sayar masa ya daɗe da manta fuskarsa.

Mai sayar da tumatir ana ganin kayansa a faifai, a taɓa, a taya. Mai sayar da dashe kuwa alkawari yake sayarwa, domin ba wanda zai kalli ganye huɗu a cikin leda ya san ɗanɗanon da zai fito bayan shekaru. Shi ya sa shawara ta farko ita ce kowane mai raino ya mallaki iyayen bishiyoyinsa, waɗanda shi da kansa ya sha 'ya'yansu ya san irinsu. Idan Binta Siga ce, a san Binta Siga ce. Idan Julie ce ko Peter ko Kent, a rubuta a rataya. Reshen da aka saro daga bishiyar da ba a san asalinta ba, ko aurensa ya kama, ba a san abin da aka aura ba. Wanda ba shi da uwar bishiya tukuna yana iya neman iri tabbatacce a reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda a jihar Kano, ya dasa ya mayar da shi tushen gonarsa.

Aikin auren kansa kuwa duk a yatsu yake. Gwani yakan zauna da sassafe a inuwa, ledar dashe tsakanin ƙafafunsa. Gindin da ya zaɓa ɗan gida ne, daga ƙwallon mangwaron da ya saba da zafin ƙasar nan da ƙishinta, ya kai kaurin fensir. Ya datse kansa, ya tsaga shi a tsakiya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Sai ya ɗauko reshen da ya yanko a safiyar nan, mai idanun da suka kumbura amma ba su fashe ba, ya zage ganyen, ya feƙe gindinsa ta gefe biyu da shara ɗaya ɗaya, ba ya taɓa wurin yankan da hannu. Yana cusa shi a tsagar, idonsa na kan abu guda: siririn koren nan da ke ƙarƙashin ɓawo. Ta nan itace ke girma, ta nan kuma rauni ke haɗewa. In koren reshe bai haɗu da koren gindi ba, ko ta gefe ɗaya ne, duk ɗaurin duniya ba zai sa su kama ba. Daga nan ya naɗe da siririyar leda daga ƙasa zuwa sama, ya kifa wata ledar a kai don kada iska ta busar da shi. Cikin mako 2 zuwa 4 toho ke fasowa.

Kuskuren da ya fi kashe aure a wannan yanki shi ne rashin duba lokaci. Busasshiyar iskar hunturu tana shanye reshe kafin ya kama, tsananin zafin bazara kuma yana dafa shi a cikin leda. Farkon damina, lokacin da iska ta yi laushi kuma ruwa ke gudana a jikin itace, ya fi dacewa. Sai tsabtar wuƙa: a goge ta da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin bishiya da bishiya, musamman a lemo, inda ido ɗaya mai cuta ke iya shafar gona sukutum.

Akwai kuma abin da ya kamata mai raino ya faɗa wa mai saye kafin ya karɓi kuɗinsa. Duk tohon da ya fito a ƙasan wurin haɗin, na gindi ne, a cire shi. In aka bar shi zai rinjayi reshen da aka aura, bishiyar ta koma 'yar gida. Kada kuma a binne wurin haɗin a ƙasa. Mangwaro mai aure da aka kula da shi yakan fara 'ya'ya a shekara ta 3 ko ta 4, kuma gara a tsinke furen farko don jikin ya yi ƙarfi.

Kada sana'ar ta tsaya a mangwaro da lemo da gwaiba. A Sadore, kusa da Yamai, masana a cibiyar ICRISAT, cikinsu har da Farfesa Dov Pasternak, sun yaɗa auren magaryar Indiya, irin su Gola da Umran, a kan magaryar gida. 'Ya'yan sun ninka na gida girma sau da dama, har a Nijar ana kiransu tuffar Sahel. Magarya kuwa ga ta nan birjik a gonakin Babura da Gwiwa, saiwarta ta riga ta nutsa, ba ta jiran ban ruwa. Ana iya datse ta a inda take a aura mata reshe mai kyau.

Dabino shi ne ba ya karɓar aure, domin jikinsa ba shi da wannan koren zobe na ƙarƙashin ɓawo. Wanda ya shuka ƙwallo kuwa caca ya yi da shekarunsa: kusan rabi za su fito maza, ba kuma za a gane ba sai sun yi fure, alhali namiji 1 ya ishi mata kusan 50 in ana barbara da hannu. 'Ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa su ne ke gado halinta, amma ba su da yawa. A nan ne rainon tsiro a kwalba ya shigo. Ana yanko 'yar ƙanƙanuwar tsoka daga zuciyar tsiro, a wanke ta da magani, a ɗora kan abinci mai kama da kamu a cikin kwalba, wanda ya ƙunshi sukari da gishirin ma'adinai da sinadaran girma. Haɗin da aka fi amfani da shi a duniya, Murashige da Skoog ne suka wallafa shi a 1962. Daga tsoka ɗaya ana samun dubban tsirrai masu halin uwarsu, kuma haka ake yaɗa ayaba da rake da dankalin Turawa marasa cuta.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a nan. Cibiyar Bincike ta Jihar Jigawa da ke Kazaure ta yi aikin rainon rake a kwalba a ɗakin gwaje-gwajenta, a Dutse kuma akwai tashar binciken dabino ta NIFOR. Mai lambu ba ya buƙatar gina ɗakin gwaji, kuma kwalba ba za ta raba shi da sana'arsa ba. Tsiron da ya fito daga kwalba jariri ne da bai taɓa ganin rana ba, ganyensa bai iya riƙe ruwa ba. Sai an wanke saiwarsa, an dasa shi a ƙasa mai tsabta, an rufe da leda a inuwa, ana buɗewa kaɗan-kaɗan har tsawon makonni, sannan ya iya tsayawa a gona. Mai rumfar zana da haƙurin ban ruwa shi ya fi kowa iya wannan reno. Sai dai ya nemi takardar shaidar iri daga inda ya saro, don akan samu 'yan tsirarun da suka bauɗe wa halin uwarsu.

Roƙon mai wannan wasiƙa shi ne, kafin ruwan farko na bana ya sauka, kowane mai raino ya sayi littafi ɗaya. Ya rubuta sunan kowace uwar bishiya da inda ya samo ta, da ranar da ya yi aure, da adadin da suka kama, da sunan wanda ya saya da ƙauyensu. Bayan shekara 3 ya hau babur ya je ƙauyen ya duba bishiyoyin da idonsa.