Yaran Bencin Baya

A Hawandawaki, cikin gundumar Tasawa, yaro yakan shiga lakwal ba da kalmar Faransanci ko ɗaya a bakinsa ba. In ya yi shiru, wasu malamai sukan yanke masa hukunci tun watan Oktoba: wannan ba ya da kai. Ɗan ma'aikaci ya samu bencin gaba. Ɗan manomi, da ɗan makiyayi mai zuwa a makare, da yarinyar da aka ce ai aure za ta yi, duk a baya. Malam ba ya dukansu, ba ya korarsu. Tambayarsu kawai yake dainawa. Kafin shekara ta uku su ma sun yarda da abin da aka zata musu.

Alhali kuwa yaron nan shi ke ƙirga damman hatsin ubansa, shi ke juya naira zuwa sefa a kasuwa ba tare da alli ba. Harshe ne ya tsare shi, ba rashin basira ba.

Hukuma ta daɗe da sanin haka. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, kuma a Maris 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma doka ba ta shiga zuciyar malami.

Muna roƙon sufetocin Tasawa da Mayayi, in sun zo rangadi, su ajiye rajista, su zauna a bencin baya, su ƙirga sau nawa malam ya juyo can.