Jama'ar Kontagora, Mu Tallafi Malami Domin Yaranmu Su Iya Karatu



Yau bayan sallar magariba, ka kira ɗanka ɗan aji uku, ka rubuta masa layi biyu na Hausa, ka ce ya karanta maka. Kada ka ba shi littafin ajinsu, don wataƙila ya haddace shi. In ya karanta, ka gode wa Allah, ka gode wa malaminsa. In kuwa ya sunkuyar da kai ya yi shiru, to wannan kira naka ne. Kuma ba kai kaɗai ba ne. A 2022 UNICEF ta bayyana cewa kashi 70 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi.

Muna saurin ɗora wa malami laifi. Amma wa ya koya masa yadda ake koyar da karatu? Iya karatu daban, iya koyar da shi daban. Malami ya sami NCE a wani fanni, an miƙa masa alli, an tura shi aji ɗaya maƙil da yara. Sai ya yi yadda aka yi masa: ya rubuta a allo, ya faɗa, yara su amsa da murya ɗaya. Ana jin ajin daga bakin titi, amma rabinsu ba su san harafin da ake nunawa ba.

Alhali hanyar a fili take. Yaro ya fara sanin sautin harafi, ya haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa, ya haɗa "ba" da "ki" ya ga "baki" ya fito. Ya gane cewa ƙugiya guda ce ta raba "baki" da "baƙi". Daga nan jimla, daga jimla labari, sannan a tambaye shi me ya fahimta. Yaron da ya tashi da Kambarci ko Dukanci ko Fillanci a gida yana bukatar ƙarin dabara da haƙuri, kuma dabarar ma koyonta ake yi.

An gwada a maƙwabtanmu. Shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauci, da shirin RANA da ya faro daga Katsina da Zamfara, duk tubalinsu ɗaya: littafin jagora a hannun malami, littafin karatu a hannun yaro, da gogaggen malami mai shiga aji ya zauna ya kalli darasi, a tashi ya gyara wa ɗan'uwansa cikin mutunci. Bitar kwana uku a Minna, a karɓi alawus a watse, ba ta kai nan ba. Wuƙar da ake aiki da ita kullum, kullum ake wasa ta.

Sai kuma zuciyar yaro. Ba mu manta da ɗaliban Kagara da aka sace a Fabrairun 2021 ba, da ƙananan yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayun 2021. Yaranmu suna zuwa makaranta ɗauke da fargaba, kada mu tarbe su da bulala da tsawa. Yaron da aka zane don ya yi kuskure, gobe ba zai ɗaga hannu ba, wanda kuwa ba ya gwadawa ba ya koyo. A horar da malami yadda zai riƙe aji ba duka, ya kira yaro da sunansa, ya ba 'ya mace dama daidai da ɗa namiji.

Abin da ya fi damuna shi ne, a garinmu ake ƙera malamai. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora, wadda yau ta zama jami'ar ilimi, ta daɗe tana yaye su zuwa ko'ina a ƙasar nan. Kada mu zama ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ya ku malaman jami'a, ku rungumi firamaren da ke kewaye da ku, ku maishe su gonar gwajinku. Hukumar SUBEB ta Jihar Neja, kason horar da malamai da ke zuwa daga UBEC ya isa ƙauyukan Rijau da Mariga da Magama da Mashegu, a fifita masu koyar da aji ɗaya zuwa uku, kuma wanda aka horar a bar shi a ajinsa. Hedimastoci, ku ware sa'a guda duk mako malamai su gwada darasi a gaban juna. Hakimai da dagatai da limamai, ku sa maganar a fada da kan mumbari. Masu hali, littafi a hannun kowane yaro sadaka ce mai gudana. Ku kuma malamanmu, neman ƙarin sani ba kasawa ba ne, ado ne ga mai ilimi.

Iyaye, ranar Litinin mu taka zuwa makaranta. Mu gaida hedimasta, mu tambaye shi yaushe rabon da a horar da malamin aji ɗaya, da abin da za mu iya kawowa. In zango ya ƙare, mu sake miƙa wa yaron layi biyun nan. Allah Ya sa mu ji muryarsa.