Kafin kuɗinmu su tashi, waya ta tambaye mu da kyau

Yau a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da yatsa ɗaya muke tura kuɗin cefane, mu biya wuta, mu goge saƙo. Kafin abin ya wuce, wani ɗan akwati yakan fito a fuskar salula, da maɓalli biyu: “Confirmer” da “Annuler”. In kuskure ya auku sai a ce ai mai wayar ne bai duba ba. Mu dai a ganinmu, sau da yawa laifin na wanda ya tsara akwatin ne.

Mu fara da kalmomin. “OK” ba ya faɗin komai. Dattijon da ba ya karanta faransanci, me ya amince da shi? Maɓalli ya kamata ya faɗi aikinsa: “Tura” ko “Fasa”. A samansa kuma a ga sunan mai karɓa da adadin kuɗin da manyan lambobi. Tsakanin jika 5 da jika 50 sifiri guda ne kawai, amma a aljihun talaka ba ƙaramin rami ba ne. Tunda kundin Refondation na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, me zai hana akwatin ya yi mana magana da Hausa, har ma da murya?

Sai girman maɓallin. Google da kansa yana ba masu ƙera manhajar Android shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kusan milimita 9. Ku tuna da mai gilashin waya a fashe, ko ɗan kabu-kabu a tsakiyar rana. In “Tura” da “Fasa” suna manne da juna, tarko ne.

Na uku, rufe akwatin. A wayoyi da yawa, in ka taɓa gefensa sai ya ɓace. In talla ce, babu damuwa. Amma a maganar kuɗi, taɓa gefe ko danna komawa baya kada ya taɓa zama “na yarda”. Kuma in ya ɓace, wayar ta faɗa a fili cewa ba a tura komai ba, don kada mutum ya zauna cikin kokwanto, ko ya ɗauka kuɗin sun isa.

Wani zai ce to a ƙara yawan tambayar mana. A'a. Wayar da ke cewa “ka tabbata?” a kan kowane ƙaramin abu, ita ke koya wa yatsa dannawa ba karatu. Ga ƙananan abubuwa, damar warwarewa ta fi. A ƙarshen 2022 WhatsApp ya ba da daƙiƙa 5 don mai da saƙon da ka goge wa kanka bisa kuskure. Gmail yana barin a janye wasiƙa har daƙiƙa 30. A ajiye tambaya don abin da ba ya dawowa.

Matasanmu masu ƙera manhaja da kamfanonin tura kuɗi, ku kai aikinku kasuwa, ku miƙa wa mai sayar da goro ta gwada kafin ku sake shi. Mu kuma, kafin a gyara, mu karanta suna, mu ƙirga sifiri, sannan mu danna.