A Daina Zuba Tsakuwa a Ramin Dashe

'Yan'uwa manoma, da yawa cikinmu in za mu dasa mangwaro ko lemo, mukan zuba tsakuwa a gindin rami, wai don ruwa ya tsiyaye. Mu dai muna ganin a bar wannan al'ada. Ƙasa mai laushi tana riƙe ruwa kamar tsumma, ba ta sakinsa ga tsakuwa ko yashi sai ta jiƙe sharkaf. Saboda haka ruwan yakan tsaya bisa tsakuwar, daidai inda saiwa take, har ta ruɓe da damina. A gona mai saurin bushewa, yashin da ke ƙarƙashi yakan tsare laima, gero ya amfana. Amma ramin dashe dabam ne. A cika shi da ƙasar wurin da ruɓaɓɓen taki. Inda ruwa ke kwanciya kuwa, a tara ƙasa a dasa bisa tudu.