Kafin Ku Ɗora Sakamakon Ɗalibai A Facebook

Yau kafin darasi, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina.

Da zarar WAEC ko JAMB sun saki sakamako, sai ka ga makarantun kuɗi daga Unguwar Rimi zuwa Malali da Kawo sun manna fastoci a bakin get, sun cika Facebook da takardun yara: suna, hoto, lambar jarrabawa da makin kowane darasi. Wata makarantar ma jerin ajin gaba ɗaya take turawa guruf ɗin iyaye a WhatsApp, daga na ɗaya har na ƙarshe. Gaskiya wannan ba daidai ba ne.

Sakamako na yaro ne, ba kayan tallar makaranta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta nuna cewa izinin amfani da bayanan yaro a wurin iyayensa ake nema. Kuma irin waɗannan bayanan 'yan damfara masu cewa za su ƙara maki suke farauta.

Sakamakon kansa yana iya zuwa da kuskure. A watan Agustan 2025 WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta gano matsala wajen ba da maki, adadin ya koma 62.96. To yaron da aka riga aka kunyata a guruf, wa zai share masa hawaye? Magana zarar bunu ce, haka ma abin da ya hau intanet.

Shawarata ga malamai:

1. Ku tura wa kowane uba sakamakon ɗansa shi kaɗai, ba a guruf ba.
2. Kafin ku yi murna a fili, ku zauna da waɗanda ba su ci ba. Ku faɗa musu akwai NECO, akwai WAEC ta masu zaman kansu.
3. In za ku ɗora takardar wanda ya yi fice, ku nemi izininsa da na iyayensa. Ku buɗe hoton a waya, ku zaɓi alƙalamin gyara, ku shafe lambar jarrabawa da ranar haihuwa.
4. In talla kuke so, ku faɗi jimillar waɗanda suka ci, ba sai da sunaye ba.

Iyaye ku ma, don Allah a daina "kalli ɗan wane". Yaro ya fi kowa jin zafin faɗuwarsa.

Ku tura wa malamin da kuka sani. Allah ya ba yaranmu sa'a.