KADA CIWO YA CINYE GONA

Wannan takarda taku ce, ku manoman Bichi da Dambatta da Makoda da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir da Dawakin Tofa. Wanda ya iya karatu ya daure ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko a ƙofar masallaci. A ɗaga murya yadda iyayenmu mata na cikin gida za su ji, domin maganar ta fi shafarsu.

Kun san yadda ƙasarmu take. Gona na jingine da gona, babu daji, babu saura. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne a cikinta. Wanda gonarsa ta fita daga hannunsa a nan, to, ta fita ke nan, ba inda zai je ya yi sabon sassabe.

To, me ya fi raba talaka da gonarsa? Ku dubi garinku ku ba da amsa. Marka ta sauka, sauro ya yi yawa, rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. A daidai lokacin nan ne zazzaɓi zai kayar da yaro, a ce sai an ƙara masa jini. Ko naƙuda ta yi wa maiɗaki tsawo, a ce sai an yi mata aiki. Sai a kai akuya kasuwa a sayar da ita yadda mai saye ya ga dama. Gobe tunkiya, jibi jaki. Daga nan sai a kira mai kuɗin gari a ba shi jinginar gona. Mara lafiya ya warke, amma gidan ya kwanta.

Wannan ba a ƙasar Kano kaɗai ba ne. A duk Nijeriya, cikin kowace naira goma da ake kashewa a kan magani, fiye da naira bakwai daga aljihun mutane take fitowa, a ranar da ciwo ya zo.

MENE NE INSHORAR LAFIYA?

Kada sunan ya ba ku tsoro. Rumbu ne na gari. Kowa ya zuba ɗan abin da aka yanka sau ɗaya a shekara, a ba shi kati. Wanda Allah ya jarabta da ciwo a cikin shekarar, sai a ɗebo daga rumbun a biya masa asibiti.

Wani zai ce: "In ban yi ciwo ba fa? Kuɗina ya tafi ke nan?" Gaskiya ne, ba za a mayar maka ba, don wannan ba adashe ba ne da kowa ke kwasa. Ya fi kama da gayya. Ka yi wa maƙwabci noma bana, ba ka san ranar da za a taru a taka gonar ba. In ka shekara lafiya, ai ka ci babbar riba, kuɗinka kuma ya yi wa ɗan wani magani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ta fuskar addini, ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya gaya masa yadda tsarin yake filla-filla.

ABIN DA DOKA TA RIGA TA BA KU

A 2005 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin inshorar lafiya na ƙasa, amma ma'aikatan gwamnati ne suka fi cin moriyarsa. Tsarinsu ma na ma'aikaci ne da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ku auna wannan da gidajenmu.

A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa. Ita ce ta ce a riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya a zuba a wani asusu na kula da lafiya a matakin farko. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Manufar ita ce a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, a kuma biya wa marasa ƙarfi. A Jihar Kano mazaɓu 484 ne a ƙananan hukumomi 44.

A 2016 Jihar Kano ta yi tata dokar, ta kafa Hukumar Taimakekeniyar Lafiya, watau KSCHMA. Tana da shiri na ma'aikata, da na masu sana'ar kansu irin su manomi da ɗan kasuwa, da na marasa ƙarfi.

A watan Mayu na 2022 kuma aka yi sabuwar dokar tarayya wadda ta ce inshorar lafiya wajibi ce ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma ce a buɗe asusu don biya wa waɗanda ba su da hali.

Kun ji dai, doka ta cika takarda. Saura ta iso ƙauye.

IN KUƊI BA SU ISA KOWA BA

Ga shawara, ku riƙe ta da kyau.

Na farko, kafin ka ciro ko kwabo, je asibitin mazaɓarku ka tambaya ko ana rajistar marasa ƙarfi. Mai ciki, da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, da tsoho, da mai naƙasa, su ne aka sa a gaba, kuma ba a biya. Guraben ba su da yawa, don haka kada ka yi nauyin ƙafa. Ka tafi da lambar katin ɗan ƙasa, don galibi ana tambayarta.

Na biyu, in gidanka mutum goma sha biyu ne, aljihunka kuma na mutum uku ne, fara da waɗanda ciwo ya fi saurin kayarwa: mai ciki, da ƙananan yara, da tsohon da ke shan maganin hawan jini ko ciwon suga. Baɗi a ƙara wasu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na uku, biya da kaka. Ranar da ka sayar da wake ko gyaɗa ko riɗi, cire na lafiya tun kafin a shiga hidimar biki. Ko kuma a ware ɗan akuya ɗaya a ce wannan na kati ne. Kati ba ya fara aiki ranar da aka yi rajista, akwai lokacin jira. Wanda ya bari sai yaro ya kwanta, ya makara.

Na huɗu, ku haɗa kai. 'Yan ƙungiyar manoma ko matan adashe su je tare, su ji farashin bana daga bakin jami'in hukuma, su biya tare. Wanda ya je shi kaɗai ana iya yi masa wasa, amma ba a yi wa mutum hamsin.

Na biyar, yi tambaya. Wane asibiti zan riƙa zuwa? Haihuwa tana ciki? Aiki fa? In aka tura ni babban asibitin Bichi ko Dambatta ko na Murtala a birni, wa zai biya? Akwai abin da zan cika a kuɗin magani? Sa'an nan kada ka ba kowa kuɗi ba tare da rasit ba.

INDA ƘURI'A TA SHIGO

Akwai kukan da muke ji, ba kuwa za mu ɓoye shi ba. Mutum ya je da katinsa, a ce babu magani, a rubuta masa takarda ya je kemis ya saya. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, da wuya ya sake biya. Wannan laifin ba na manomi ba ne. Rumbun da ba a tsaronsa, ɓera ke shan daɗinsa, masu tsaron kuwa ku ne ke zaɓensu.

Abin nan mai yiwuwa ne. Ghana ta yi dokarta a 2003, ta ware wani kaso na harajin kayan masarufi don asusun lafiya. A Ruwanda, ƙasar manoma irinmu, yawancin jama'a suna cikin asusun taimakon juna na lafiya, gwamnati na biya wa mafi talauci. Tun 2001 ma, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi.

Saboda haka, duk ɗan takarar da ya zo garinku, ko na gwamna ne ko na majalisa, ku bari makaɗa su yi shiru, sa'an nan dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi:

Mutum nawa aka yi wa rajistar kyauta a mazaɓarmu, kuma wa ya zaɓe su?

Za ka sa a liƙa sunayensu a bangon asibiti kowa ya gani?

Za ka sa jami'ai su zo kasuwanninmu da kaka, a kuma yarda manomi ya biya kaɗan-kaɗan?

In mai kati ya je babu magani, wurin wa zai kai ƙara?

Wanda ya amsa dalla-dalla, ku riƙe maganarsa, ku tuna masa bayan zaɓe. Wanda ya kauce ya miƙo atamfa da sabulu, ku tuna cewa atamfa ba ta fansar gonar da aka jinginar.

Lafiya uwar jiki. Ku adana katin zaɓe, ku nemi katin asibiti. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raba mu da ciwon da zai cinye gona. Amin.