Masu Zuwa Gida Hutu da Maleriya: A Sha Rigakafi Ko a Jira Zazzaɓi Ya Zo?

A shekarar 2023 hukumomin lafiya na Ingila sun ƙirga mutum sama da 2,000 da suka shiga ƙasar ɗauke da maleriya, adadin da aka yi fiye da shekara ashirin ba a ga irinsa ba. Mafi yawansu mutanen da suka je ganin dangi ne a Afirka, musamman Afirka ta Yamma, kuma galibinsu ba su sha maganin rigakafi ba. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin kusan kowace unguwa a Kano, Kaduna, Maraɗi ko Kumasi tana da ɗa ko 'ya da ke karatu ko aiki a Ingila, Amurka, Masar ko Saudiyya, kuma sukan zo gida hutun Sallah, biki ko ƙarshen shekara.

Tambayar da suke yawan yi ita ce: me zai sa in sha ƙwaya kullum na tsawon wata guda, alhali idan zazzaɓi ya kama ni zan sayi Coartem a kemis in warke cikin kwana uku? Tambayar tana da ma'ana, don haka ya kamata a auna ta da kyau.

Garkuwar da ke zagwanyewa

Babban mutum da ya tashi a inda ake da maleriya yana da wata 'yar garkuwa da jikinsa ya gina saboda yawan cizon sauro. Ba ta hana shi kamuwa, amma takan rage tsananin ciwon. Wannan garkuwa tana buƙatar a ci gaba da haɗuwa da ƙwayar cutar. Idan mutum ya koma ƙasar da babu maleriya, takan ragu sosai cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Yaran da aka haifa a can kuwa ba su da ita ko kaɗan.

Nau'in ƙwayar da ya fi yawa a ƙasashenmu, falciparum, shi ne mafi haɗari. Idan ba a yi magani ba, cikin awa 24 zazzaɓi yana iya rikiɗewa ya taɓa ƙwaƙwalwa ko ƙoda, ko ya jawo matsanancin ƙarancin jini. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa miliyan 263 da mutuwar mutum 597,000 a duniya, kuma Najeriya kaɗai ce ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa. Wanda ya zo gida daga Landan ya shigo tsakiyar wannan adadi da jikin baƙo, ko da a Fagge aka yanke cibiyarsa.

Magungunan rigakafi da ake da su

Ga mai zuwa Afirka ta Yamma, uku ne aka fi bayarwa. Na farko atovaquone-proguanil, wanda aka fi sani da Malarone. Ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a sha kullum tare da abinci, a ci gaba kwana 7 bayan an bar yankin. Illarsa kaɗan ce, amma yana da tsada, kuma bai dace da mai tsananin ciwon ƙoda ba.

Na biyu doxycycline. Shi ma kullum ake sha, ana farawa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, amma sai an ci gaba mako 4 bayan dawowa. Ya fi araha. Ba a ba mai juna biyu ko ƙananan yara, yana iya sa fata ta ƙi jure rana, kuma dole a sha shi da ruwa mai yawa, kada a kwanta nan take don gudun ƙunar maƙogwaro.

Na uku mefloquine, ƙwaya ɗaya a mako. Ana farawa mako biyu zuwa uku kafin tafiya, a ci gaba mako 4 bayan dawowa. Ba a ba mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa fama da ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa, domin yana iya tayar da su.

Ga misali: mai hutun mako uku zai buƙaci ƙwayar Malarone kusan 30, ko doxycycline kusan 51. Wannan shi ne lissafin da ya kamata a ɗora a kan sikeli ɗaya da kuɗin kwanciya asibiti, ƙarin jini, da asarar makonni na aiki ko karatu.

Chloroquine da maganin nan na "Lahadi-Lahadi" da iyayenmu suka sani sun daina aiki a matsayin rigakafi a yankinmu, saboda ƙwayar cutar ta bijire masu. Haka kuma shan Coartem ranar da aka sauka "don wanke jini" ba ya kare mutum daga cizon da zai zo mako biyu gaba.

Me ya sa jira ke da haɗari

Dabarar "in ya zo a yi magani" ta dogara da abubuwa uku: a gane ciwon da wuri, a samu magani na gaske, kuma maganin ya yi aiki. Kowanne yana da rauni.

Maleriya ba ta bayyana kafin kwana 7 da cizo, kuma sau da yawa sai bayan mako biyu ko fiye. Ke nan mai ɗan gajeren hutu yana iya komawa lafiya lau, zazzaɓin ya tashi a Manchesta ko Jidda, inda za a iya ɗaukarsa mura ce idan bai faɗi inda ya je ba.

Batun ingancin magani ma abin dubawa ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci, kuma na maleriya suna cikin waɗanda aka fi kai rahoto a kansu.

Sannan an tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta fara bijire wa sinadarin artemisinin, ginshiƙin Coartem da ire-irensa, a Ruwanda, Yuganda, Eritiriya da Tanzaniya. Magungunan har yanzu suna warkarwa, amma shan su barkatai ba tare da gwaji ba, ko yankewa kafin a kammala, yana cikin abin da ke gaggauta lalacewarsu.

Akwai inda likita kan ba matafiyi maganin gaggawa ya riƙe a jaka, idan zai shiga wurin da ba zai kai ga asibiti cikin awa 24 ba. Wannan kariya ce ta biyu, ba ta maye gurbin rigakafi.

Allurar rigakafi fa?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar RTS,S a 2021 da R21 a 2023. Kamaru ta shigar da ita cikin alluran yara a Janairun 2024, Najeriya kuma ta fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. An tanade su ne domin ƙananan yara mazauna yankunan maleriya. Ba a yi wa matafiya su.

Mazauna gida ma ba su buƙatar magungunan matafiya. Nasu tsarin daban ne: maganin da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 lokacin damina, da wanda ake ba masu juna biyu a wurin awo, da kulawar musamman ga masu sikila.

Abin da ya kamata a yi

A ga likita ko asibitin matafiya mako 4 zuwa 6 kafin tafiya, a sayi maganin a can inda ake zaune, domin dole a fara shi kafin a sauka, kuma Malarone ba ya samuwa a kowane kemis a gida. Mai juna biyu ta tattauna da likitanta ko tafiyar za ta iya jira. Yara kuwa da nauyin jikinsu ake auna masu.

Babu ƙwayar da ke karewa ɗari bisa ɗari, don haka a kwana cikin gidan sauro mai magani, a shafa man korar sauro mai sinadarin DEET, a sa tufafi masu rufe hannu da ƙafa daga magariba. A nan dangi na da rawar takawa: a tanadar wa baƙo gidan sauro, a daina yi masa dariyar ya zama Bature don yana shan ƙwaya.

Idan zazzaɓi ya zo, a yi gwajin jini a ranar. Na gaggawa minti 15 zuwa 20 yake ɗauka. In ya nuna maleriya, a sha Coartem sau shida cikin kwana uku tare da madara ko abinci mai maiƙo, a duba lambar NAFDAC a jikin kwali. Amai ba ƙaƙƙautawa, jijjiga, gushewar hankali, fitsari mai duhu ko idanu su yi rawaya, duk alamun a garzaya asibiti ne, domin sai da allurar artesunate ta jijiya.

Bayan an koma, duk zazzaɓin da ya taso cikin shekara guda, musamman watanni ukun farko, a je asibiti a ranar, a gaya wa likita ƙasar da aka je, a nemi gwajin maleriya ko da an sha rigakafin har ƙarshe.